Wa ya mallaki birkin da ke jikinka? Zare kan p16, kotu da kuɗin maganin kansa

1/ Jama'a, a 2005 wasu masu bincike biyu a Amurka suka zauna suka yi ƙidaya. Suka tarar kusan kashi 20 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam, sama da 4,000, akwai mai riƙe da takardar mallaka a kansu. Ɗaya daga cikin biyun da aka fi rububi ita ce mai yin furotin p16: takarda 20 a kanta ita kaɗai. Tana jikinka yanzu haka. Ku biyo ni 🧵

2/ Ni 'yar Gwandu ce, ina karatun bayokemistiri a jami'ar tarayya da ke Kalgo. A aji muna haddace sunayen furotin ɗin nan don jarrabawa. Tarihin yadda suka zama dukiya kuwa, da yadda ya taɓa kuɗin maganin kansa a Kebbi, sai wanda ya tona. Shi na tono muku.

3/ Mu fara daga tushe. Jikinka an gina shi da tantani, ƙananan ɗakunan rai da ido ba ya gani, tiriliyoyi. Kowane tantani daga wani ya fito: ya girma, ya kwafi DNA ɗinsa, ya duba kwafin, sannan ya rabe biyu. Wannan zagayen shi ke warkar da rauni, shi ke sa jinjiri girma.

4/ Ku ɗauki tantani kamar kabu-kabu. Injinsa wasu furotin ne da ake kira CDK. Makullin tayar da injin shi ne saikilin. Birki kuma su ne p16, p53 da Rb. A hanya akwai shingaye inda ake tsayawa a duba: DNA lafiya? An gama kwafi? In ba lafiya, ba wucewa.

5/ Kansa, ciwon daji, sankara, duk sunan da kuke kira a gida: mashin ne da birkinsa ya tsinke ko totur ya maƙale. Tantani ya yi ta rabuwa ba tsayawa. p53 kaɗai ana samunta a lalace a kusan rabin kansar da ke kama mutane.

6/ To wa ya gano wannan duka? Abin dariya, ba a asibiti aka fara ba. A 1970 zuwa 1971, Leland Hartwell a Amurka yana aiki da yis ɗin burodi. Ya riƙa tsince yis ɗin da ke maƙalewa a tsakiyar rabuwa, ta haka ya gano jerin ƙwayoyin gadon da ke tuƙa zagayen. Ya sa musu suna CDC.

7/ Sai Paul Nurse a Birtaniya, da wani yis daban mai suna pombe. Kun san daga ina? Daga giyar gero ta Gabashin Afirka aka fara tace shi a 1893, kuma pombe da Suwahili giya ke nan. Wato tun daga farko akwai geron Afirka a cikin labarin, sai dai ba a faɗa.

8/ A 1987 Nurse da Melanie Lee suka yi gwajin da har yau yake burge ni. Suka ɗauki yis ɗin da injinsa ya lalace, suka zuba masa ƙwayoyin gadon mutum. Ɗaya ta tayar da shi, ya ci gaba da rabuwa. Ma'ana injin da ke jikinka da na yis kusan iri ɗaya ne. Ita ce yau ake kira CDK1.

9/ Na uku Tim Hunt. A 1982 yana duba ƙwan bushiyar teku, ya ga wani furotin da ke taruwa, sai ya ɓace fat duk lokacin da tantani ya rabe, ya sake dawowa. Shi ne saikilin. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 2001.

10/ Ku lura: har nan ilimi ne a fili. An buga a mujallu, ɗakunan bincike na aika wa juna yis. Kamar burtali ne, kowa ya koro dabbobinsa ya wuce. Amma a daidai lokacin, a kotunan Amurka, an fara kafa dirkokin shinge.

11/ Bari in fassara kalma ɗaya. Fatent takarda ce da gwamnati ke ba mai ƙirƙira: ka bayyana wa duniya yadda ka yi abinka, mu kuma mu hana kowa yin sa ko sayar da shi sai da izininka, yawanci shekara 20. Bayan nan ya zama na kowa. Ciniki ne: ka buɗe asiri, a ba ka kasuwa.

12/ 1980 ce shekarar da ta juya komai. Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 5 da 4, ta yarda a ba Ananda Chakrabarty fatent kan ƙwayar bakteriya da ya sarrafa don cin ɗanyen mai. Abu mai rai ya shiga rajista. A shekarar dai aka yi dokar Bayh-Dole, ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati.

13/ Daga nan farfesa ya fara zama ɗan kasuwa. Ka gano ƙwayar gado yau, gobe lauyan jami'a ya shigar da takarda, jibi a buɗe kamfani. Kuma ba inda aka yi tsere kamar fagen rabuwar tantani, don kowa ya san nan kansa take, nan kuɗi suke.

14/ Disamba 1993: Manuel Serrano, Greg Hannon da David Beach suka bayyana p16, birkin da ke riƙe injin CDK4. Afrilu 1994: wani kamfani a jihar Utah, Myriad Genetics, ya fito da tasa sanarwa cewa ya gano ƙwayar gadon da ke ɓacewa a kansa iri-iri. Aka duba, ashe ita ce dai.

15/ Ƙwaya ɗaya, masu da'awa da yawa. Wannan ya riƙe jerin harufanta, wancan ya riƙe hanyar gwada ta, wani ya riƙe amfani da ita a magani. Haka aka kai takarda 20 ɗin da na faɗa a sama. Ka yi tunanin gona ɗaya a fadama, mutum ashirin kowa da takardarsa.

16/ Amma abin da ya kai Myriad kotu wata ƙwayar ce: BRCA1, mai gyaran DNA da taimaka wa shingayen binciken nan. Mary-Claire King ce ta nuna inda take a 1990. Myriad ya riga kowa karanto ta a 1994, ya samu fatent, ya haɗa da BRCA2.

17/ Macen da ta gaji lalatacciyar BRCA1 tana cikin babban haɗarin sankarar mama da ta ƙwan mahaifa. Gwaji na iya ceton ranta. Amma a wancan lokacin, a Amurka Myriad kaɗai ke da ikon yin sa, kan sama da dala 3,000. Ɗakunan gwajin da suka fara yi, wasiƙar lauya ta tsayar da su.

18/ A 2009 likitoci, masu bincike da mata marasa lafiya suka kai ƙara. Tambayar mai sauƙi ce: abin da ka tarar a jikin mutum, ka ciro shi kawai, kai ka ƙirƙire shi? Wanda ya haƙa rijiya ya tarar da ruwa, shi ya yi ruwan?

19/ 13 ga Yuni 2013, alƙalan Kotun Ƙoli su 9 baki ɗaya: DNA ɗin da ke jiki halitta ce, ciro ta ba ƙirƙira ba ce, ba a mallakarta. Amma kwafin da aka haɗa a ɗakin gwaji, cDNA, ana iya yi masa fatent. A ranar wasu kamfanoni suka fara tallan gwajin da rahusa. Ostireliya ta bi sahu a 2015.

20/ Wani abin da zai ba ku mamaki: dokar fatent ta Najeriya ta 1970 ta riga ta ce ƙa'idojin kimiyya da abin da aka gano kawai ba ƙirƙira ba ne. Shekara 43 kafin hukuncin Amurka. Matsalarmu ba ta rubutun doka ba ce, za mu zo nan.

21/ To an ci nasara ke nan? Ku dakata. An cire shinge daga kan ƙwayar gado, amma kuɗin sun riga sun koma wani wuri: maganin da ke taɓa furotin ɗin, da gwajin da ke gano shi. Waɗannan kam ƙirƙira ce ta gaske, kuma wannan hukuncin bai taɓa su ba.

22/ Dabarar ita ce: in birkin p16 ya tsinke, a ƙera na roba. Gwajin farko, flavopiridol, asalinsa daga wani sinadari ne na wata bishiyar Indiya. Ya shiga gwaji a jikin mutane a shekarun 1990, amma yana kashe injuna da yawa lokaci guda, illa ta yi yawa. Kamfanoni suka fara sanyi.

23/ A 2001 masana a Parke-Davis, wanda Pfizer ya saye, suka haɗa wani sinadari mai kama CDK4 da CDK6 kawai. Ya yi shekaru ba a san inda zai yi amfani ba. Sai Dennis Slamon da Richard Finn a Kalifoniya suka nuna yana aiki sosai kan sankarar mama mai cin sinadarin estirojin.

24/ A gwaji, matan da aka haɗa musu shi da tsohon magani sun yi kusan wata 20 ciwon bai ci gaba ba, waɗanda ba a haɗa wa ba kusan wata 10. Fabrairu 2015 Amurka ta amince da shi: palbociclib, sunan kasuwa Ibrance. A 2017 ribociclib na Novartis da abemaciclib na Eli Lilly suka biyo.

25/ Farashi? Kusan dala 10,000 a wata lokacin da ya fito. Mu yi lissafi da sauƙi, mu ce dala naira 1,000 ce: miliyan 10 ke nan. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi kusan shekara 12 bai ci bai sha ba kafin ya sayi na wata ɗaya. A 2020 kaɗai maganin ya kawo sama da dala biliyan 5.

26/ Don adalci: kamfanin ya kashe kuɗi da shekaru, kuma magunguna da yawa kan mutu a hanya. Ba don alkawarin kasuwa ba, da wataƙila sinadarin na nan a kan kanta. Tambayata ita ce: yis ɗin Hartwell da na Nurse, kuɗin jama'a da na gidauniyoyi ne suka biya. Ina rabon jama'a?

27/ Ku ga abin da ke faruwa in shinge ya faɗi. A Indiya fatent ɗin palbociclib ya ƙare a Janairu 2023, nan take kamfanoni irin su Sun Pharma suka fito da nasu da rahusa sosai. A Amurka kuwa an tsawaita shi zuwa Maris 2027. Ƙwaya ɗaya, farashi ya danganta da inda aka haife ki.

28/ Yanzu mu dawo gida, don Najeriya na cikin wannan tarihin tun kafin a san p16. A 1963 a Ibadan, Robert Pulvertaft ya raya tantani daga wani yaro ɗan shekara 11 mai kansar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara. Tantanin bai daina rabuwa ba har yau. Sunansa Raji.

29/ Raji na cikin firji a ɗakunan bincike na duniya, ana sayar da shi a 'yar kwalba. A kansa ake gwada sababbin magungunan kansar jini masu tsadar gaske kafin a kai su rajista. Jikin ɗan Najeriya ya shekara 60 yana aiki a kimiyya. Yaran da ke da irin ciwonsa a ƙauyukanmu fa, me ya iso gare su?

30/ Haka BRCA. A 2018 ƙungiyar Farfesa Olufunmilayo Olopade, tare da Mary-Claire King ɗin nan, ta duba mata sama da 1,100 masu sankarar mama a Ibadan. Kashi 7 cikin 100 na da lalatacciyar BRCA1, kashi 4 BRCA2. Adadi ne mai yawa. Gwajin da aka yi shari'a a kansa, mu ma namu ne.

31/ Sai p16 ta sake dawowa ta wata ƙofa: sankarar bakin mahaifa. Ƙwayar cutar HPV na da furotin biyu, E6 da E7. Ɗaya ya lalata p53, ɗaya ya ɗaure Rb. Tantani ya ji yana gudu, sai ya yi ta taka p16 a banza, ta taru ta yi yawa. Wannan taruwar ita ce alamar haɗari.

32/ Wani ƙaramin kamfani a Jamus, mtm, ya mayar da alamar gwaji mai suna CINtec, da fatent ɗinsa. A 2011 Roche ya saye kamfanin, Yuro miliyan 130 a biyan farko. A Najeriya kuwa, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun ce mata kusan 12,000 suka kamu, kusan 8,000 suka rasu.

33/ Ga inda nake samun ƙarfin gwiwa. Rigakafin HPV ma an yi rigimar fatent a kansa, kuma da ya fito a 2006 allura uku sun kai kusan dala 360. A 2013 ƙawancen Gavi ya yi ciniki ya sauko da shi dala 4.50 kowace allura ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Oktoba 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 9 zuwa 14 kyauta, Kebbi na rukunin farko.

34/ Wato farashi ba wahayi ba ne, ana zama a kansa. An gani a maganin ƙanjamau: a 2001 Cipla na Indiya ya ce zai ba da na shekara kan dala 350, lokacin ana sayar da shi sama da 10,000. A shekarar sanarwar Doha ta tabbatar ƙasa na da ikon ba da lasisin dole don lafiyar jama'arta. Dokarmu ta 1970 ma ta tanadi haka.

35/ Amma gaskiya ɗaya ce: ko an ba mu palbociclib kyauta, sai an fara gano irin kansar a ɗakin gwaji, don ba kowace yake yi wa aiki ba. Mata da yawa a yankinmu sai ciwo ya fashe ake kai su. Mai buƙatar gashi sai ta kama hanyar Sakkwato. Fatent shinge ɗaya ne cikin da yawa.

36/ Kuma muna da murya a teburin. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta yi shekaru tana gangamin gwajin kansa a Kebbi, a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya, UICC. Ita ce ta farko daga Afirka. Maganar farashi na da wanda za a kai wa.

37/ Yanzu Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ke kwance a garinmu, cikin littattafansa akwai Masalihul Insan, kan maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubuce-rubuce kan magani. Yadda ilimin ya yaɗu: ɗalibi ya zauna ya kwafa da hannu, ya tafi da shi garinsu.

38/ A wancan tsarin ana kiyaye sunan mai ilimi sosai: wa ya karantar da kai, shi kuma wa ya karantar da shi. Suna na mai shi ne, amfani na kowa. Sai dai muna da tsari na biyu, na asiri: mai magani ya ɓoye haɗinsa, in bai ba ɗansa ba ya tafi da shi kabari. Nawa muka rasa a haka?

39/ Fatent na tsakanin biyun, kuma mun taɓa gwada shi. Niprisan, maganin sikila: cibiyar NIPRD ta Abuja ta karɓi haɗin gargajiya daga Rabaran Paul Ogunyale, har da masoro, kanumfari da ganyen dawa, ta samu fatent a Amurka a 1998. Kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe a 2008, magani ya yi shekaru babu shi a kasuwa.

40/ Darasin: takarda kaɗai ba ta zama ƙwaya a hannun mara lafiya. Sai da masana'anta, jari da gwaji mai inganci. Kuma ofishin rajistarmu ba ya tantance ko abu sabo ne da gaske, cikar takardu yake dubawa. Don haka "na samu fatent" ba ya nufin "yana warkarwa". Ku riƙe wannan in kun ga talla.

41/ Ko sabara da ke bayan gidajenmu, an ciro mata wani sinadari, guieranone A, an ga yana hana tantanin kansa rabuwa a cikin kwalba. A KWALBA na ce. Don Allah kada wata ta bar asibiti ta koma shan sabara. Na kawo ta ne don ku ga wasu na karanta dajinmu, mu muna wucewa.

42/ 'Yan uwana ɗalibai na Kalgo da Aliero: in aikinku ya fito da sabon abu, ku sani buga shi ko watsa shi a nan kafin rajista na iya kashe damar fatent. Ku rubuta komai da kwanan wata, ku rubuta sunan mai maganin da ya ba ku ganyen, ku yi yarjejeniya da shi. Hukumar NOTAP na taimaka wa masu bincike da rajista.

43/ In kuma Allah ya sa wata rana takardar ta zo hannunku, ku tuna ku ne za ku sa sharaɗin lasisi. Kuna iya rubuta cewa a sayar da rahusa a ƙasashe irin tamu. Wannan zaɓi ne, kuma jikokin masu kwafar littafi da hannu bai kamata a koya musu shi ba.

44/ Na yau da gobe: ƙanwarki mai shekara 9 zuwa 14, a kai ta rigakafin HPV. Kin ji ƙullutu a mama, ko jini ba lokacinsa ba, asibiti tun da wuri, ba kunya a ciki. Maza, ku ke ba da izini da kuɗin mota a gidaje da yawa, kada ku zama shinge na ƙarshe.

45/ Nan zan tsaya. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan lakca. Ku tura wa wanda zai amfana, musamman 'yan lafiya da 'yan shari'a, don wanga aiki na su biyun ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. 🤲🏾